Saƙon Murya a Teburin Mai Gyaran Waya: Da Wane Mudu Za a Auna?

Ɗan ƙanwata yana gyaran waya a Gusau. Shagon nasa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba: tebur ɗaya, fitila, injin hura iska mai zafi, da gwangwanin madara cike da 'yan mitsi-mitsin sukurori. Wata Laraba bayan Isha ya shigo gidana, aka kawo tuwo ya ce ya ƙoshi, abin da ba halinsa ba ne. Da muka keɓe sai ya ce, "Kawu, yau na ji abin da ban so ji ba."

Wani mutum ne daga ƙauye ya kawo masa waya, lasifikarta ta mutu. Ya bar ta tare da lambar buɗewa, kamar yadda kowa ke yi, ya ce zai dawo ranar Juma'a. Yaron ya canza lasifika, don ya gwada sai ya shiga WhatsApp ya danna saƙon muryar da ke sama. Murya ta fito tar: a kawo mai jarka biyu, da katin waya, da burodi, "kuma ka duba muna ko sojoji na bisa hanya."

Duk wanda ya zauna a Zamfara a shekarun nan ya san sunan da ake kiran mai karɓar irin wannan saƙo. Infoma. Ya kuma san abin da ke samun wanda aka liƙa wa sunan.

Hanyoyi huɗu ke gaban yaron. Ya yi shiru ya karɓi kuɗin aikinsa. Ya kwafi saƙon ya kai wa jami'an tsaro. Ya tsegunta wa 'yan sa-kai. Ko ya watsa shi a Facebook jama'a su yi hukunci. Gaba kura, baya sayaki.

A sassan koyar da kwamfuta akwai darasin da ake kira ɗa'ar aiki, inda ake jero wa ɗalibai ra'ayoyin masana falsafa kan yadda ake gane daidai da kuskure. Yawancin ɗalibai haddacewa suke yi don jarrabawa su manta. Ni ma da nake koyar da kwamfuta na fi ba gyaran injin muhimmanci a kan wannan. Sai a daren nan na ga cewa waɗannan ra'ayoyi mudaye ne, kuma kowanne akwai hatsin da yake zubarwa idan an auna da shi.

Kafin mudu, a fara gane abin da fasaha ta canza. Da, sirrin mutum a cikinsa yake, shi ya sa ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yau sirrin yana aljihu: hotunan iyali, bashin da ake binsa, sakamakon asibiti, hirarsa da matarsa. Idan sikirin ya fashe sai ya miƙa duka ga yaron da bai taɓa gani ba. Kwafa ba ta ɗaukar minti ɗaya, ba ta rage komai daga wayar balle mai ita ya lura, kuma abin da ya fita ba ya komawa. Magana zarar bunu ce tun da can, yanzu kuwa bunun da kansa yake hayayyafa.

Mudu na farko shi ne na sakamako. Baturen Ingila Jeremy Bentham, wanda ya rasu a 1832, da John Stuart Mill da ya biyo bayansa, su suka fi shahara da shi. A wurinsu aiki ba shi da kyau ko muni a karan kansa, sai an duba abin da zai haifar. A tara amfani gefe guda, cuta gefe guda, duk abin da ya fi kawo sauƙi ga mafi yawan mutane shi ne daidai. Idan aka ɗora matsalar yaron a kai, lissafin ɗan firamare ne: sirrin mutum ɗaya a wannan hannu, rayukan mutanen ƙauye guda a wancan. Ka kai rahoto, ka huta.

Sai dai mu Zamfarawa mun taɓa kwana a cikin wannan lissafi, mun san ɗanɗanonsa. Ranar 1 ga Satumba 2021 aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, watanni shida bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe. Kwana biyu da haka, ranar 3 ga wata, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a jihar baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle. Dama an riga an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka, an hana safarar shanu. Hujjar a fili take: da waya ɓarayin daji ke neman kuɗin fansa, da waya infoma ke sanar da su motsin sojoji, to a yanke igiyar. An ce mako biyu za a yi. Gusau sai 1 ga Oktoba ta samu sabis, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka sanar da za a maido musu. Wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna su ma sun bi sahu.

Ba na cikin masu cewa matakin shirme ne. Wanda aka ɗauke wa ɗiya zai yarda a kashe waya shekara guda in dai za ta dawo, kuma a makonnin farko akwai mutane da yawa da suka ce sun samu sa'ida. Amma na ga ɗaya gefen da idona. Masu POS sun naɗe lema. Mutum yana da kuɗi a banki, ba shi da na cefane. Na tsaya a tasha na ga dattijo yana roƙon direba ya kai masa wasiƙa Sakkwato, an rubuta ta a takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta, an ninke huɗu, an rubuta sunan unguwa a baya. Mai naƙuda cikin dare sai a tashi yaro ya ruga neman mai mota. Abin da ya fi ciwo, ƙauyen da aka afka wa ba shi da hanyar kiran agaji, labarinsa ma sai bayan kwanaki yake isowa gari a bakin wanda ya tsira.

A nan mudun sakamako ke yoyo, ta wuri uku. Yana bukatar ka san gobe, kai kuwa zato kawai kake da shi. Mai aunawa kuma galibi ba shi ne mai ɗaukar kayan ba, don mai sayar da katin waya a Ƙaura Namoda ba ya wurin da aka yi lissafin. Na uku, wanda ya fi damuna: wanda ya ce a jure cuta don amfani mai zuwa, bashi ya ci, ya kamata wata rana ya dawo ya baje littafi, ga abin da aka samu, ga abin da aka rasa. Ni dai ban halarci wannan zama ba. Haka aka yi da haɗa layi da lambar NIN, wanda aka umarta a Disamba 2020, aka kuma fara toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba a Afrilu 2022. Tsoho ya bi layi tun asuba don a ɗauki hoton yatsunsa, ɓarawon daji kuwa da wayar wanda ya sace yake kiran dangi.

Wani abin lura game da Bentham: shi ne ya zana wani gidan yari mai da'ira, da hasumiya a tsakiya, inda mai gadi ɗaya ke iya ganin kowane fursuna, fursuna kuwa ba ya sanin ko ana kallonsa. Da kyakkyawar niyya ya zana shi, don a rage duka da kashe kuɗi. Duk lokacin da na ji an ce "a tattara bayanan kowa don amfanin kowa" sai hasumiyar nan ta faɗo min a rai.

Mudu na biyu na Immanuel Kant ne, Bajamushen da ya rasu a 1804. Shi ya ce bar zancen sakamako, akwai wajibi da hani waɗanda ba a ciniki a kansu. Ya ba da gwaji biyu. Na ɗaya: abin da za ka yi, za ka yarda ya zama doka ga kowa? Na biyu: kada ka mai da ɗan Adam kayan aiki kawai don biyan bukatarka.

Da na gwada wa yaron na farkon, sai ya sunkuyar da kai, domin laifin ya riga matsalar zuwa. Lasifika aka ce ya gyara. Me ya kai shi WhatsApp? Idan kowane mai gyara zai riƙa buɗe saƙon mutane don gwaji, ba mai sake miƙa waya, sana'ar ma ta mutu. Ya ce min, "Kawu, wallahi kowa haka shika yi." Na ce masa shi ya sa mata da yawa ke gwammace su jefar da waya a akwati da su kai ta gyara. Kant bai zo mana da sabon abu a nan ba, amana muke ce masa, kuma Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana binciken asirin juna tun kafin a haife shi. Dokar ƙasa ma haka: sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidajen mutane da wasiƙunsu da hirarsu ta waya, a Yuni 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ginshiƙinta shi ne kada a yi amfani da bayanin mutum a kan abin da ba don shi aka karɓa ba.

Gwajin Kant na biyu ya fi cizo a kan kamfanoni. Ɗauki manhajojin ba da rance. Mutum ya ci bashin naira dubu goma, ya danna "na yarda" bai karanta ba, manhaja ta kwashe lambobin wayarsa kaf. Ya yi jinkirin kwana biyu, sai surukinsa da limamin unguwarsu su samu saƙo cewa wane ɗan damfara ne. Mai mudun sakamako zai iya kare wannan, ya ce tsoron kunya ke sa a biya, biyan ke sa wasu su samu rance. Kant zai ce surukin nan bai ci bashin kowa ba, an mai da shi bulala. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a Maris 2022, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan mutane.

Amma Kant ma yana da inda yake tsayawa cak. A wani ɗan rubutu da ya yi a 1797 ya ce ko mai kisan kai ne ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar inda abokinka ya ɓuya, ba ka da ikon yi masa ƙarya. A birninsa na Konigsberg wannan misalin aji ne. A ƙauyukan Zurmi da Maru da Tsafe tambaya ce da ake yi wa mutane da bindiga a ƙirji: ina gidan mai shanu? Ba malamin da zai ce ka nuna. Hadisi ma ya yi rangwame kan ƙarya a wurin yaƙi da wurin sulhunta mutane. Idan wajibi biyu suka yi karo, riƙe amanar mai waya da ceton rai, Kant ba ya ba ka tsanin da za ka gane wanne ke sama.

Abin da ya fi yi min amfani a daren nan daga zaure na samo shi, ba daga jami'a ba. Malaman usulu, wato masu nazarin tushen fiƙihu, sun daɗe da sanin rikicin nan tsakanin ƙa'ida da maslaha, kuma ba su zaɓi ɗaya suka yar da ɗaya ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Shaɗibi na Andalus, Bamalike, ya faɗaɗa zancen bayansa. Mazhabarmu ta Malikiyya kuwa an san ta da ba maslaha wuri. To amma duba yadda Gazali ya ɗaure ta. A cikin littafinsa Almustasfa ya kawo misali mai tsanani: abokan gaba sun yi garkuwa da fursunoni Musulmi, sun jera su a gaba, idan aka ƙi harbi za su ci garin su hallaka kowa. Ya ce ba a keta hani irin wannan sai maslahar ta cika sharaɗi uku: ta zama ta lalura, ta zama tabbatacciya ba zato ba, ta kuma game al'umma duka. Ga ƙa'idojin da ke rakiya: babu cuta babu cutarwa, wanda ɗan Islamiyya ya hadda a Arba'una Hadis, idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mai sauƙi, lalura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake aunawa.

Kalmar "tabbatacciya" ita ta tsayar da mu. Me yaron ya sani a haƙiƙa? Ya ji saƙo ɗaya, bai ji amsa ba. Kowa a nan ya san ɓarayin daji ba kuɗi kaɗai suke nema daga dangin wanda suka kama ba. Suna cewa a haɗo da mai, da kati, da abinci, wani lokaci har babur. Saƙon da zai zo wa infoma da wanda zai zo wa uban da ɗansa ke ɗaure a daji, kalmominsu ɗaya ne. Waya tana ba ka murya, ba ta ba ka labarin da ke bayan muryar. Aya ta 6 a surar da ta hana bincike ita ce ta ce a tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama.

Da wannan muka tankaɗe hanyoyi huɗun. Facebook ya fita tun farko, don abin da ya shiga can ba ya gogewa, kuma hukuncin taron jama'a ba shi da ɗaukaka ƙara. Tsegunta wa masu makami waɗanda ba kotu ba ya fita, don idan kuskure ne ba a maido rai. Kwafe wayar gaba ɗaya ya wuce gwargwadon lalura, ƙarin cin amana ne a kan na farko. Shiru ma bai tsira ba, tunda zancen sojoji a hanya zancen rai ne. Abin da ya rage ƙarami ne: ya faɗi iya abin da ya ji, ba ƙari ba fassara, ga wanda zai iya tantancewa ba tare da an zubar da jini ba, kuma ba tare da shi kansa ya zama abin farauta ba. Wannan na ƙarshen ba ragwanci ba ne. Ransa shi ma yana cikin biyar ɗin nan.

Da ma'aunin ɗaya za a auna gwamnati. Sashe na 45 na kundin tsarin mulki ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi saboda tsaron jama'a, don haka ba a kan ikon ake gardama ba. Ana tambaya ne: lalura ce ko an rasa dabara? Me ya tabbata? Me ya sa jiha sukutum, ba yankin da ake aiki ba? Mako biyu da suka zama kusan wata uku ga mutanen karkara, wa ya sake aunawa a tsakani? Na kuma san kalmar maslaha ita ma ana hawanta kamar jaki. Duk mai iko da ke son ƙetare iyaka da ita yake fakewa, sharuɗɗan nan uku su ne linzaminta, su ne kuma ake fara cirewa.

Saura mudu guda, wanda ya girmi sauran. Aristotal na Girka ya ce a daina tambayar wane aiki ne daidai, a tambayi wane irin mutum ne mai aikin, domin hali da maimaici ake gina shi. Bahaushe ya taƙaita da kalma ɗaya: kirki. Gaskiya, amana, kunya, hankali, haƙuri. Wannan mudu ba zai gaya maka abin da za ka yi ranar Juma'a ba, rauninsa ke nan. Amma a harkar fasaha nauyinsa ya ninka, saboda yawancin aikin a ɓoye ake yinsa. Mai rajistar layi da ke riƙe da hoton yatsun tsohuwa, ma'aikacin banki da ke ganin asusun maƙwabcinsa, injiniyan da aka ce ya rubuta layukan da za su kwashe lambobin mai cin bashi, ba ɗan sandan da ke tsaye a kansu. Dokar 2023 tana Abuja, mai gyara yana shago shi kaɗai ƙarfe tara na dare da hotunan matar wani a hannunsa. Da yaron nan ba shi da tarbiyya, da saƙon ya zaga majalisar masu shayi kafin Magariba, da ba mu kai ga Gazali ba.

Washegari muka je wurin wani dattijo da na sani, ɗan yankin mai wayar ne, yana da kunnen hakimi, ba shi da sakin baki. Yaron ya faɗa masa abin da ya ji kalma da kalma, bai ɗauki wayar ba, bai kwafi komai ba. Dattijon ya daɗe yana jan casbaha. Ya ce, "Awo, na san shi. Ɗiyanai biyu na hannun mutanen daji, an fi wata. Gonatai ma ya sai da." Yaron ya sauke numfashi. Dattijon ya ɗaga masa hannu. "Kak ka yi saurin murna, ɗana. Ta yiwu kuma ya duba musu hanyar. Mutum in an riƙe mai ɗiya, mi na na ba ya yi?" Ya ce mu bar maganar a hannunsa, da kansa zai kai ta ga hakimi, sunan yaron kuma ba zai fito ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci mai wayar ya zo. Dogo ne, ramamme, hularsa ta koɗe. Ya kara wayar a kunne, ya gyaɗa kai, ya kwance bakin aljihu ya ƙirga kuɗin a hankali, ya rage ɗari biyar bai cika ba. Yaron ya ce ya bar shi.

Yanzu akwai wata tsohuwar waya a teburinsa, ta fashe a kusurwa. Idan ya canza lasifika, da ita yake kiran wayar da ya gyara ya ji ƙararta. Wanda aikinsa ke bukatar a buɗe waya kuwa, sai ya turo masa benci ya ce, "Zauna nan, Alhaji, ka buɗe da hannunka."